Asali da Ma'anonin Kalmar *Check* ta Ingilishi: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama domin fassara labari daga Ingilishi zuwa Hausa ya san cewa dogayen kalmomi ba su cika ba da wahala ba. Irin waɗannan ma'anarsu ɗaya ce ko biyu, da an buɗe ƙamus an wuce wurin. Ƙananan kalmomin aikatau na yau da kullum su ne ke kayar da mai fassara, domin yana ganin ya riga ya san su. Ɗaya daga cikinsu ita ce *check*. Kusan kowa ya haddace ta da ma'anar "duba", kuma a mafi yawan wurare hakan yakan wadatar. To amma idan sanarwar ma'aikatar lafiya ta ce an ɗauki matakai *to check the spread of cholera*, mai fassara kuma ya rubuta cewa an ɗauki matakan "duba yaɗuwar kwalara", ya juya saƙon gaba ɗaya. Hukuma na cewa za ta daƙile cutar, shi kuwa ya shaida wa jama'a cewa kallonta kawai za a yi.

Wannan muƙala za ta bi sawun kalmar tun daga tushenta domin nuna cewa ma'anar tsayarwa ita ce uwa, ma'anar dubawa kuwa daga baya ta zo. Wanda ya fahimci yadda aka tashi daga ta farko aka isa ga ta biyu ba zai sake ruɗa su ba. Tafiyar za ta ratsa Farisa da Bagadaza da Andalus da Ingila, kafin ta dawo bakin Bahaushe.

Tushe: Sarki a Harshen Farisa

A yammacin ƙasar Iran ta yau akwai wani dutse da ake kira Behistun. A jikinsa ne Sarki Dariyus na 1, wanda ya yi mulki daga shekarar 522 zuwa 486 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka sassaƙa labarin yadda ya hau gadon sarauta. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen kiran sa sarki a tsohon Farisanci ita ce *khshayathiya*, wadda saiwarta ke ɗauke da ma'anar iko da mulki. Kalmar da ake yawan furtawa takan zaizaye, kamar yadda gaisuwar "ranka ya daɗe" takan koma "rankai daɗe" a bakin fadawa. Haka wannan doguwar kalma ta yi ta raguwa cikin ƙarnoni har ta tsaya a *shah*. Da wannan laƙabi aka san sarakunan Farisa har zuwa na ƙarshensu, Muhammad Riza Pahlawi, wanda ya bar ƙasar a watan Janairun 1979.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa *shah* ba ta da dangantaka da kalmar Larabci *shaikh*, wadda ta ba mu "shehu" da "shehi". Saiwar *shaikh* ta shafi tsufa da manyanta, ita kuwa *shah* daga wani gidan harsuna dabam ta fito, wato dangin harsunan Indiya da Turai.

Wasan da Ya Ɗauki Kalmar

Kalmar ba ta shiga Turai ta hanyar fada ko yaƙi ba. Wasa ne ya ɗauke ta. Wajajen ƙarni na 6 Miladiyya aka san wani wasan allo a Indiya mai suna *chaturanga*, ma'ana "gaɓoɓi huɗu", wato rukunoni huɗu na rundunar yaƙin Indiya: giwaye da dawaki da kekunan yaƙi da dakaru. Wani tsohon littafin Farisanci ya kawo labarin cewa wani sarkin Indiya ne ya aiko da wasan fadar Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, domin ya gwada basirar fadawansa. Farisawa suka kira shi *chatrang*. Bayan da daular Farisa ta faɗa hannun Musulmi a tsakiyar ƙarni na 7, Larabawa suka gaji wasan. Da yake babu sautin /c/ da /g/ a daidaitaccen Larabci, sai sunan ya koma *shaɗaranj*. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya gamu da wannan suna a cikin wasannin da littafin ya hana. Duk da saɓanin malamai a kansa, wasan ya bunƙasa a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, har aka samu gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli waɗanda suka yi rubuce-rubuce a kansa.

Akwai wata ƙa'ida a wasan wadda ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Kowane ɗan wasa yana da sarki guda a kan allo. Idan ka kai ɗanka inda zai iya cin sarkin abokin karawarka, sai ka faɗa masa *shah*, wato "sarki", ma'ana ga sarkinka cikin haɗari. Daga wannan lokaci ba shi da ikon ci gaba da duk wata dabara da yake ƙullawa. Dole ya tsaya ya yi ɗayan uku: ya gusar da sarkin, ko ya kange shi da wani ɗa, ko ya cinye ɗan da ya kawo harin. Idan duka ukun sun faskara, sai a ce *shah mat*, wasa ya ƙare. An daɗe ana fassara wannan da "sarki ya mutu", bisa kalmar Larabci *mata*. Masana da yawa sun fi karkata ga cewa *mat* ɗin Farisanci ce, mai nufin wanda ya rasa yadda zai yi. Wannan ya fi dacewa da wasan, domin ba a cin sarki, ƙure shi ake yi.

Larabawa sun riƙe kiran *shah* yadda suka same shi, ba su musanya shi da *malik* ba. A bakin wanda bai san Farisanci ba kuwa, kalmar ta daina nufin mutum mai rawani. Ta koma sunan wani hali da ake shiga a wasa, halin da ake tilasta wa mutum tsayawa. A nan ne sauyin ma'ana na farko ya auku.

Shigar Kalmar Turai

Ta Andalus da tsibirin Sisili wasan ya ƙetara zuwa ƙasashen Kirista. Wajajen shekarar 1000 an riga an ambace shi a rubuce-rubucen Latin. Turawa sun ji sautin /h/ na ƙarshen *shah* da kauri, sai suka mayar da shi /k/. Haka aka samu *scaccus* a Latin na wancan zamani, da *eschec* a tsohon Faransanci. Ƙasashe da dama sun raɗa wa wasan kansa suna daga wannan kira: *Schach* a Jamusanci, *scacchi* a Italiyanci, *shakhmaty* a Rashanci. Mutanen Sifen, waɗanda suka zauna da Larabawa ƙarnoni, su ne suka riƙe sunan asali, suna cewa *ajedrez*.

A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu hannu da shuni har kusan shekara 300. Dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi, har da *eschec*. Ingilishi yana da al'adar yar da wasalin farko na irin waɗannan kalmomi idan ba shi da nauyi a furuci, kamar yadda *estate* ta haifi *state*, *espy* ta haifi *spy*. Ta wannan hanya *eschec* ta koma *chek*, wadda aka samu a rubuce wajajen 1300. Jam'inta kuma, *esches*, shi ne ya zama *chess*, sunan wasan a Ingilishi har yau. Ke nan *check* da *chess* kalma ɗaya ce, tilo da jam'i.

Teburin Baitulmali

Tun kafin kalmar ta zauna sosai a bakin talakawan Ingila, wata ƴar'uwarta ta riga ta shiga gidan gwamnati. Allon wasan, mai gida-gida, sunansa *eschequier* a tsohon Faransanci. A zamanin Sarki Henri na 1, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, aka tsara wata majalisar lissafin kuɗin sarki wadda take zama sau biyu a shekara, lokacin bikin Ista da kuma ƙarshen watan Satumba. Wakilan sarki na gundumomi sukan zo su ba da bayanin harajin da suka tara. Littafin lissafi mafi tsufa da ya rage daga wannan majalisa na shekarar 1130 ne.

Richard FitzNeal, ma'ajin Sarki Henri na 2, ya rubuta littafi wajajen 1177 yana bayanin yadda aikin yake gudana. Ya ce ana zama ne a gefen wani tebur mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 5, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle mai layuka. Kowane layi na tsaye yana wakiltar wani mataki na kuɗi: kwabo, sule, fam, fam ashirin, fam ɗari, fam dubu. Mai lissafi yakan jera ƴan ƙwayoyi a sahu ɗaya gwargwadon abin da ake bin wakili, a wani sahu kuma abin da ya kawo, kowa yana gani. Dalilin wannan tsari shi ne lambobin Rumawa da ake amfani da su a lokacin ba su da sifiri, kuma da wuya a yi tarawa da ɗebewa da su a takarda. Saboda kamannin teburin da allon wasa aka kira majalisar *Exchequer*. FitzNeal ya ƙara da cewa kamar yadda ake fafatawa tsakanin sarakuna biyu a kan allo, haka ake fafatawa a kan teburin tsakanin ma'aji da wakilin gunduma. Har gobe ministan kuɗi na Birtaniya laƙabinsa *Chancellor of the Exchequer*.

Rasiɗin wancan zamani ɗan itace ne. Akan yi masa tsaga gwargwadon kuɗin da aka biya: faɗin tafin hannu fam dubu, kaurin babban yatsa fam ɗari, kaurin ƙaramin yatsa fam ashirin, girman ƙwayar sha'ir fam ɗaya. Sai a tsaga itacen biyu ta tsawonsa, mai biya ya tafi da ɓari ɗaya, baitulmali ya ajiye ɗaya. Ranar hisabi a haɗa su. Idan wani ya ƙara tsaga ko ya goge, ɓarin biyu ba za su dace ba. An ci gaba da wannan al'ada har 1826. Ranar 16 ga Oktoban 1834 aka ce a ƙona tarin tsofaffin itatuwan a murhun ɗumama ginin majalisar dokoki da ke Landan, wutar ta fi ƙarfin murhun, ta cinye mafi yawan ginin.

Muhimmancin wannan ga tarihinmu shi ne, tun ƙarni na 12 dangin kalmar suka saba da duniyar lissafi, inda ake tsayar da mutum a gwada abin da ya faɗa da wata shaida da aka ajiye.

Matakan Ma'ana a Ingilishi

Idan aka bi rubuce-rubucen Ingilishi ƙarni bayan ƙarni, za a ga kalmar aikatau *check* tana hawa mataki-mataki.

Mataki na farko shi ne na wasa: kai wa sarki hari a kan allo. Yana nan a rubuce tun ƙarni na 14.

Na biyu shi ne fitowa daga allo zuwa rayuwa: tsayar da abu mai tafiya kwatsam, ko tare masa hanya. Runduna takan yi wa runduna haka, mahayi yakan yi wa dokinsa idan ya ja linzami. Mafarauta ma sun ara. Idan karnuka suna bin ƙanshin nama suka ɓace masa suka yi cirko-cirko, da wannan kalma ake bayyana halin da suka shiga.

Na uku shi ne tsayarwa da baki, wato tsawatawa ko ƙwaɓa. Wannan ma'ana ta yi tashe a ƙarni na 16, zamanin Shakespeare, amma yanzu ta ja baya.

Na huɗu, a ƙarni na 17, shi ne riƙewa mai ɗorewa: hana abu wuce gona da iri, kamar haɗiye fushi ko hana farashi tashi. A nan ne maganar kwalara ta faɗo. Daga nan kuma masana siyasa suka ɗauki kalmar. Bafaranshe Montesquieu ya yi bayani a 1748 cewa ba abin da ke tsayar da iko sai wani iko. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 suka gina shi a kan haka: shugaban ƙasa yana iya ƙin sa hannu a dokar majalisa, majalisa tana iya tsige shi, kuma sai da amincewar majalisar dattawa yake naɗa manyan alƙalai. Wannan ne ake kira *checks and balances*, tsarin da Nijeriya ta ɗauka a 1979. Kalmar da asalinta sarki ce ta zama sunan linzamin da ake sa wa masu mulki.

Na biyar, a ƙarshen ƙarni na 17, shi ne wanda ya rinjayi sauran a yau: gwada magana ko lissafi da wata shaida domin a tabbatar da ingancinsa. Gadar da ta haɗa wannan da na baya a fili take. Akawun da aka ɗora wa alhakin hana ha'inci ba shi da hanyar hanawa sai ya riƙe takarda, ya ƙi barin ta wuce, har ya kwatanta ta da littafi. Da farko sunan aikin yana kan riƙewar. Sannu a hankali ya zame ya koma kan kwatantawar, daga nan ya sauka kan kowace irin dubawa, ko da leƙa tukunya ne a ga ko ruwa ya tafasa. Masana ilimin ma'ana suna kiran irin wannan faɗaɗar ma'ana: sunan manufa ya koma sunan hanyar da ake bi a cim mata.

Takardar Banki da Batun *Sakk*

Daga mataki na biyar ne takardar cirar kuɗi ta samo sunanta. A farkon ƙarni na 18, takardun bashin gwamnatin Ingila suna da wani ɓari da ake yankewa a ajiye, kamar dai itacen da aka ambata, domin a gwada da shi idan an kawo takardar. Wannan ɓari shi aka fara kira *check*, domin shi ne ke tare mai jabu. Bankin Ingila, wanda aka kafa a 1694, ya fara buga wa masu ajiya takardu na musamman a 1717 saboda wannan dalili. A hankali sunan ya tashi daga ɓarin da ake ajiyewa ya rufe takardar duka. A ƙarni na 19 Birtaniya ta tsayar da rubutun *cheque* domin bambantawa, Amurka ta zauna a kan *check*.

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu cewa kalmar ta fito ne daga *sakk* ta Larabci, wato takardar shaidar bashi ko umarnin biya. Gaskiya ne fataken Musulmi sun yi amfani da irin wannan takarda ƙarnoni kafin a kafa banki a Landan. Masanin ƙasa Ibn Hauƙal, a ƙarni na 10, ya ba da labarin wata takardar *sakk* ta dinari 42,000 tsakanin fataken Sijilmasa da na Audagust, garin da kufansa yake ƙasar Muritaniya ta yau. Wannan shaida ce babba a tarihin kasuwancin Sahara. Sai dai tarihin abu dabam, tarihin sunansa dabam. A cikin Ingilishi ana iya bin sawun kalmar daki-daki daga tsayarwa zuwa gwadawa, daga gwadawa zuwa ɓarin takarda, daga ɓari zuwa takardar, kuma saboda haka manyan ƙamusoshin Ingilishi suka tsaya a kan wannan silsila.

Akwai darasi a nan ga mai nazarin kalmomin aro na Hausa. Kamannin sauti da kusancin ma'ana ba su isa hujja ba, domin kama da wane ba wane ba ne. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne *bad* ta Ingilishi da *bad* ta Farisanci: furuci kusan ɗaya, ma'ana ɗaya, wato mummuna, amma kowace da tushenta. Abin da ake nema shi ne silsilar shaida, wadda za ta nuna wa ya ara daga wa, a wane zamani, ta wace hanya, kuma ko sauyin sautin ya bi ƙa'idar da sauran kalmomin aro suka bi.

Abin da Faransanci Ya Yi da Gadonsa

Ga ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci, kwatanci zai ƙara haske. Tsohuwar *eschec* tana nan a Faransanci a matsayin *échec*, amma ta bi wata hanya. Ingilishi ya kalli al'amarin ta fuskar mai tsayarwa, Faransanci ya kalle shi ta fuskar wanda aka tsayar. Shi ya sa *échec* take nufin faɗuwa ko rashin nasara, kamar faɗuwa jarrabawa, jam'inta *échecs* kuma sunan wasan. Daga baya Faransanci ya sake aro jikar kalmarsa daga Ingila da siffar *chèque*, aka yi mata doka a Faransa a 1865.

Aikin dubawa kuwa wata kalma ce take yin sa a Faransanci, wato *contrôler*. Asalinta *contre-rôle*, littafi na biyu da ake ajiyewa domin a gwada na farko da shi. Ingilishi ya ari wannan ma, ta zama *control*, amma a can ta koma nufin juya abu da mallakar ragamarsa. Kalmomin biyu sun yi saɓani a hanya ke nan: *check* ta tashi daga tsayarwa ta isa ga dubawa, *control* ta tashi daga dubawa ta isa ga riƙe ragama. Wannan ne ya sa mai Faransanci yakan yi tuntuɓe idan ya koma Ingilishi. Abin da jandarma yake yi wa takardun mota a hanyar Maraɗi *contrôle* ne, amma da an ƙetara zuwa Katsina sunansa *check*.

Ƙarni na 19 da na 20

Zamanin jirgin ƙasa ya buɗe wa kalmar sabon fage. A Amurka ta ƙarni na 19, matafiyi yakan ba da kayansa a ba shi ɗan ƙarfe mai lamba, a ɗaura irinsa a jikin kayan, in an isa a gwada. Wannan ƙarfe ma *check* ne. Daga irin wannan mu'amala aka samu *check in* da *check out* na masauki da filin jirgin sama a ƙarni na 20. Likitoci suka samu *check-up*, sojoji suka samu *checkpoint*, wanda mafi shahararsa shi ne shingen Charlie na birnin Balin, daga 1961 zuwa 1990.

Labarin *checklist* ya fi kowane nuna cewa tsohuwar ma'ana ba ta mutu ba. Ranar 30 ga Oktoban 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a wajen gwaji a jihar Ohayo ta Amurka. Bincike ya nuna jirgin lafiyarsa ƙalau, an manta ne ba a kwance wani makulli da ke riƙe da abin sarrafa shi ba. Maganin da aka samo shi ne jerin abubuwa a rubuce, wanda dole matuƙi ya bi ɗaya bayan ɗaya kafin ya tashi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan jeri mai abubuwa 19 domin ɗakin tiyata. An tsara shi a kan tsayawa uku: kafin a sa wa majiyyaci maganin barci, kafin a fara yanka, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. A kowace tsayawa ba mai ci gaba sai an amsa tambayoyin. Wannan ita ce dai ƙa'idar allon wasa: a dakata, a kawar da haɗari, sannan a motsa.

Kalmar a Bakin Bahaushe

Hausa ta ari kalmar ta ƙofa biyu. Ta ƙofar banki aka samu "cek" ko "caki". Ta ƙofar tasha da asibiti da makaranta aka samu "cekin", kamar a "an yi mana cekin a hanya". Wannan ta bi sawun "fakin" da "mitin" da "tirenin", inda Hausa ta ɗauki siffar Ingilishi mai ɗafa-ƙeyar *-ing*, ta mayar da ita suna, ta jingina ta da aikatau "yi". Kaɗan ne daga irin waɗannan suke rikiɗa su zama cikakkun aikatau masu shiga tsarin Hausa, kamar "canja" da "faka". Abin lura shi ne Hausa ta ari ma'ana ta biyar kawai. Ba mai cewa "an yi cekin ɗin kwalara" yana nufin an daƙile ta. Wannan ne ya sa tsohuwar ma'anar take shige wa ɗalibanmu duhu.

Mai fassara zai iya kiyaye waɗannan alamomi:

1. Idan abin da ya biyo bayan *check* abu ne mai yaɗuwa ko hauhawa ko matsowa, kamar annoba, wutar daji, tsadar kaya, ko rundunar abokan gaba, ma'anar ita ce daƙile, dakatar, tare, ko taka wa birki.
2. Idan motsin zuciya ne, kamar fushi ko dariya ko hawaye, sai a ce haɗiye, danne, ko kanne.
3. *Keep in check* da *hold in check* kullum suna nufin ja wa abu linzami. *Unchecked* kuma a mafi yawan lokuta tana nufin abin da aka bari yana cin karensa babu babbaka.
4. Idan *that* ko *whether* ko *if* ta biyo baya, ma'anar ita ce tabbatar ko duba ko.
5. *Check against* ita ce gwada da, ko kwatanta da. *Check with* ita ce tuntuɓa. *Check on* ita ce leƙa ko duba lafiyar wani. *Check for* ita ce neman alamar wani abu.
6. Idan takardu ne ko sunaye ko sakamakon zaɓe, "tantance" ta fi "duba" kaifi. Idan kaya ne ko aljihu, "bincika" ta fi dacewa.

Kammalawa

An ga yadda laƙabin sarakunan Farisa ya zama kiran gargaɗi a wasa, kiran ya zama sunan tsayarwa a Ingilishi, tsayarwa ta haifi tsawatawa da riƙewa, riƙewa kuma ta haifi gwadawa da dubawa. An ga kuma cewa Faransanci, wanda ya miƙa wa Ingilishi kalmar, ya sarrafa nasa kason ta wata fuska. Ga ɗalibin Hausa, amfanin wannan bibiya biyu ne. Na farko, idan ya gamu da *check* a rubutu, ya fara tambayar kansa ko ana nufin a tsayar da abin ne ko a dube shi, kafin ya zaɓi kalma daga cikin goma ko fiye da Hausa ta tanada. Na biyu, ya gwada wannan hanya a kan kalmomin harshensa. Aikatau "duba" kanta tana nufin kallo, da gaida mara lafiya, da gyaran takardun jarrabawa, da aikin ɗan duba mai buga ƙasa. Wace ce uwa a cikinsu, kuma ta wace gada aka ƙetara daga wannan zuwa waccan? Wannan aiki ne da ɗalibi zai iya farawa da ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham a gabansa, yana gwada abin da suka rubuta da abin da yake ji a bakin mutane a yau.